Kwance injin yankan ciyawa mai zare: daga ina ake farawa?

Mai Lambu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da injin yankan ciyawa irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, mai zaren roba a baki, wanda ake gauraya wa fetur da mai. An rubuta cc 26 a jikinsa. Ga matsalarsa: ba ya tashi sai da cok, kuma ina mayar da cok ɗin na taɓa totur sai ya shaƙe ya mutu. Kafin ya kai ga haka na lura in ya yi zafi silonsa, wato gudun da yake yi in ba a taɓa totur ba, yana hawa shi kaɗai, har kan zaren ya riƙa juyawa ban taɓa komai ba. Na canza fulogi, babu abin da ya sauya. Yanzu niyyata in kwance shi gaba ɗaya in wanke in mayar. Waɗanda suka san aikin, me ake fara cirewa, me ake bari sai ƙarshe?

Ɗan Gareji: Wa alaikumus salam. Kwance shi kawai ɗan'uwa, ba wani abin tsoro a ciki. Fistan ɗaya ne, ba bawul, ba kwanon mai. Zazzage tanki, zare hular fulogi, raba injin da sandarsa, sai murfin sama, matatar iska, kafireto, salansa, igiyar tayarwa, kuloci, fankar maganaɗisu, sannan silinda. Duk abin da za ka cire ka ɗauki hotonsa da waya tukuna. Kusoshin kowane sashe ka zuba su a murfi daban, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ka nemi sukundireba mai bakin tauraro, T25 da T27, yawancinsu da su aka ɗaure.

Tsohon Makaniki: Jerin da Ɗan Gareji ya kawo daidai ne, amma ban yarda a bi shi yau ba. Yaro, in ka wargaza injin nan gaba ɗaya ka goge shaidar da za ta gaya maka abin da ke damunsa. Akwai gwaje-gwajen da ba sa yiwuwa sai injin yana haɗe. Ka fara da salansa kaɗai, kusa biyu ko uku ne. In ka cire ta za ka ga rami a jikin silinda, ta nan hayaƙi ke fita. Haska tocila, ka ja igiya a hankali, fistan zai wuce ta gaban idonka da ringinsa. Ka zo ka gaya mana abin da ka gani: sumul yake, ko akwai zane-zane daga sama zuwa ƙasa? Ringin yana motsi in ka danna shi da tsinken katako, ko ya maƙale a raminsa? A bakin salansar kuma akwai 'yar raga ta ƙarfe mai tare tartsatsi, duba ko kunkunniya ta toshe ta.

Ɗan Gareji: Baba, ai mutumin nan koyo yake so ya yi. Wanda bai taɓa riƙe fistan a hannunsa ba yaushe zai gane inji?

Tsohon Makaniki: Zai riƙe, ban hana ba. Amma a bar injin ya nuna inda ciwon yake. Sau nawa ake kawo mini inji a cikin buhu, an kwance komai, an yaga gaskit, an ɓatar da 'yar waya mai riƙe fil ɗin fistan, alhali tun farko tiyon fetur ne ya tsage a cikin tanki? Wannan hawan silo da ya ambata shi ya fi tsaya mini a rai. Kafireto mai datti yana kashe inji, amma ba kasafai yake sa shi gudu shi kaɗai ba.

Malamin Fasaha: Bari in ƙara haske kan abin da Baba yake nufi, don sauran masu karatu. A irin wannan inji, ɗakin da ke ƙarƙashin fistan, inda karanshaf ke juyawa, shi ma aiki yake yi. In fistan ya hau sama, wurin yana zuƙo iska da fetur daga kafireto. In ya sauko, sai ya matse su ya tura su ta wasu hanyoyi na jikin silinda zuwa sama inda za su ƙone. Don haka dole ɗakin nan ya kasance a rufe ruf. Ko'ina ya yi ɓuli, ko a sil ɗin karanshaf, wato zoben robar da ke toshe inda karanshaf ya fito waje, ko a gaskit na gindin silinda, ko a robar da ke tsakanin kafireto da silinda, iskar da ba ta bi ta kafireto ba za ta shiga. Iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, sai injin ya riƙa gudu da zafi. Kuma tun da man da ke shafa fistan a cikin fetur ɗin yake, ƙarancin fetur ƙarancin mai ne. Ƙari a kan haka, wannan numfashi na ɗakin ƙasa shi ke motsa 'yar fatar da ke zuƙo fetur daga tanki. In ya raunana, kafireto lafiyayye ma ba zai samu fetur isasshe ba. Shi ya sa cok ke taimaka masa: yana rage iska ne.

Mai Lambu: Na gode Malam, yanzu na fahimci dalilin cok ɗin. Baba, na cire salansa. Ragar ta toshe kusan rabi, baƙi ƙirin. Fistan yana da zane sirara guda biyu a daidai ramin hayaƙin, ba masu zurfi ba, kuma launinsa a wurin ya ɗan yi fari-fari. Ringi yana motsi.

Tsohon Makaniki: Madalla. Zane a ɓangaren hayaƙi alamar zafi ne da ƙarancin fetur. Da a ɓangaren kafireto zanen yake, da sai in ce ƙura ce ke wuce matatar iska. Da kuma ya kewaye fistan duka, da sai in tambaye ka ko an taɓa zuba masa fetur zalla. Naka ya kama hanyar lalacewa amma bai kai ba. Ragar ka riƙe ta da filaya ka ƙona ta a wuta har ta yi ja, in ta huce ka goge da buroshin ƙarfe. Kunkunniyar bakin ramin kuma ka kankare da katako, bayan ka hawo da fistan ya rufe ramin, kada ɓarɓashi ya faɗa ciki. Sannan ka mayar da fulogi, ka riƙe hannun igiya ka ɗaga injin da ita. In ya zube ƙasa sululu, matsinsa ya tafi. In yana sauka yana tsayawa, da sauransa.

Mai Janareto: In da ma'aunin matsi ya fi. Irin waɗannan in matsinsu ya sauka ƙasa da psi 90 a ma'aunin da wuya su tashi. Amma a yi amfani da ma'aunin ƙananan injuna, na mota dogon tiyonsa yana rage lissafin.

Mai Lambu: Ba ni da ma'auni, amma na ɗaga shi da igiya, yana sauka yana cijewa.

Ɗan Gareji: To kun gani, fistan lafiya. Kafireto ne. Ni shawarata kada ma ya wahalar da kansa da buɗe shi, ya cire ya sa sabo.

Malamin Fasaha: A nan kam ban bi ka ba. In nasa na asali ne, irin na kamfanin Walbro ko Zama, gara a gyara shi a kan a sa na kwaikwayo da ba a san yadda aka auna ramukansa ba. Lambarsa tana jikinsa, da ita ake neman saitin fatu da gaskit. Mai Lambu, in za ka buɗe, shimfiɗa farin tsumma, don abubuwan ciki ƙanana ne ƙwarai. Murfi biyu gare shi. A ɗaya akwai fata mai 'yar faifan ƙarfe a tsakiya, ita ke danna wani ɗan hannu da ke ɗaga allurar fetur. In sabuwa ce taushi gare ta, in ta tsufa za ka ji tana ƙaƙas-ƙaƙas a yatsa, ba ta lanƙwasuwa. Ƙarƙashin ɗan hannun akwai sifirin ɗan mitsitsi, sa yatsa a kansa kafin ka kwance kusar, in ya yi tsalle nemansa aiki ne. A ɗaya murfin akwai fatar da ke zuƙo fetur, da 'yar raga zagayayya da datti ke taruwa a kanta. Wurin mayarwa a nan mutane da yawa ke ruɗewa. A yawancinsu, ɓangaren allura gaskit ne ke fara kwanciya a jikin kafireto sannan fata, ɓangaren zuƙowa kuma fata ce ke fara kwanciya sannan gaskit. Ka lura da yadda ka same su. Kada ka tura waya a ramukan, kada kuma ka hura iskar kwamfiresa mai ƙarfi, akwai ɗan bawul a ciki da take lalatawa.

Tsohon Makaniki: Kuma ka jawo tiyon cikin tanki da lanƙwasasshiyar waya ka duba matatar da ke bakinsa. Tiyon in ya yi tauri ko ya yi laɓo-laɓo, canza shi. Robar da ake latsawa don jawo fetur ma in ta tsattsage, haka.

Uwar Furanni: Sannunku da ƙoƙari. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tun da ana maganar mai. Nawa injin littafinsa ya ce 50:1, amma mai taya ni aiki ya ce a riƙa ninka man don fistan ya daɗe. Tun da aka fara haka hayaƙi ya yi yawa, salansa tana ɗigar da wani baƙin abu. Wa ke da gaskiya?

Mai Janareto: Hajiya, littafi ke da gaskiya. 50:1 na nufin mililita 20 na mai a lita ɗaya ta fetur. 40:1 mililita 25 ne, 25:1 kuma mililita 40. Kowane inji a bi abin da maƙerinsa ya rubuta, kuma a auna da sirinji ko kofin awo, ba da ido ba.

Ɗan Gareji: Amma fa ni ban taɓa ganin yawan mai ya cinye fistan ba. Ƙarancinsa ne ke ci.

Tsohon Makaniki: Ba ya ci a rana ɗaya, amma wanda bai ƙone ba ina yake zuwa? Yana zama kunkunniya a ramin hayaƙi da ragar salansa, yana daskarewa a ramin ringi har ringin ya maƙale. Ringi in ya maƙale matsi ya tafi, wuta ta riƙa bi ta gefen fistan. Hajiya, ki koma awon littafi, ki sa a ƙona miki ragar nan. Abin da ya fi yawan man muhimmanci shi ne irinsa. A nemi wanda aka yi domin injin da iska ke sanyaya shi, mai alamar JASO FC ko FD a jikin gora. Baƙin man mota ba nasa ba ne, haka na injin kwalekwale. Kuma kada a haɗa fetur mai yawa a ajiye watanni, yana lalacewa ya zama ƙaro a cikin kafireto.

Uwar Furanni: Allah ya saka da alheri Baba, yau za a gyara.

Mai Lambu: Na dawo. Fatar ɓangaren allura ta bushe kamar yadda Malam ya faɗa, na sa sababbi, na canza tiyo da matata. Yanzu yana tashi, yana karɓar totur. Amma da ya yi zafi silon ya sake hawa. Na kuma lura in na kwantar da shi a gefe ɗaya sautinsa yana canzawa.

Ɗan Gareji: To a nan Baba ya yi gaskiya. Canjin sauti in an karkata shi, sil ake zargi.

Tsohon Makaniki: Kashe shi, kada ka ƙara aiki da shi haka, fistan ɗin da ka gani da zane biyu zai ƙarasa. Kada kuma wani ya ce ka buɗe sukurun kafireto don rufe matsalar, ɓulin yana nan yana ƙaruwa. Yanzu ne lokacin gwajin da na ce ba ya yiwuwa in an wargaza inji. Yanko roba biyu daga tsohon tub na taya. Ɗaya ka sa tsakanin salansa da silinda, ɗaya tsakanin kafireto da mazauninsa, ka ɗaure. Ta ramin fulogi ake hura iska da ɗan famfon hannu mai ma'auni, kamar rabin bar, kada a wuce. In allurar ma'aunin tana sauka, shafa ruwan sabulu a gindin silinda, da mazaunin kafireto, da inda karanshaf ya fito. Inda ya yi kumfa, nan ne. In famfon yana iya zuƙa, a gwada zuƙar ma, don akwai sil ɗin da ke riƙe hurawa amma ya saki in an zuƙa.

Mai Janareto: Wasu suna fesa abin wanke kafireto a wuraren suna sauraren inji yana aiki.

Tsohon Makaniki: Suna yi, amma kusa da salansa mai zafi da wayar fulogi ban so. Kuma feshin ba ya isa sil ɗin da ke bayan fanka.

Mai Lambu: Don in ga sil ɗin sai na cire kuloci da fanka. Na sa sufana amma komai yana juyawa tare. Yaya ake tsayar da shi? Na yi tunanin in cusa sukundireba tsakanin fikafikan fankar.

Malamin Fasaha: A'a, kada ka yi. Fikafikan na alminiyum ne, ɗaya ya karye fankar ta rasa daidaito, injin ya riƙa karkarwa yana cin boris, ga sanyayawa ta ragu. Igiya ake amfani da ita. Cire fulogi, juya injin har fistan ya hau ya rufe ramin hayaƙi, sannan ka tura igiyar nailan mai tsabta ta ramin fulogi, ka bar wutsiyarta a waje. In ka ci gaba da juyawa fistan zai danne ta ya tsaya. Dalilin da ya sa sai ya rufe ramin tukuna shi ne, in igiyar ta leƙa cikin ramin fistan zai datse ta, guntun ya maƙale. Kuloci kuma iri-iri ne. Wani kusoshi biyu ne suka ɗaure shi a jikin fanka, wani murɗa shi aka yi a kan karanshaf. Duba fuskarsa, sau da yawa akwai kibiya mai nuna ɓangaren kwancewa. Ka lura da fuskar da ke waje, ba a juya shi.

Ɗan Gareji: Fankar kuwa a kan ƙarfe mai tsini take zaune, ko an cire noti ba ta fita da hannu. In babu abin zarewa, mayar da notin har ya yi daidai da bakin ƙarfen, ɗaga injin ta fankar, ka ɗan buga notin da gudumar roba ko ta tagulla. Za ka ji ta saki. Kada ka bugi zaren ƙarfen tsirara. In ta fita duba makullinta, ɗan tudun da ke hana ta gocewa a kan ƙarfen, wasu a jikin fankar aka ƙera shi. In ya gutsure, lokacin da fulogi ke ba da wuta zai kauce.

Mai Lambu: Sun fita. Bayan fankar duk ya jiƙe da mai da ƙura ta manne. Na aro famfo na hura, kumfa ta taso a kewayen sil ɗin nan take. Gindin silinda ma akwai ɗan kumfa a kusurwa ɗaya.

Tsohon Makaniki: Alhamdu lillahi, ciwo ya bayyana. Kafin ka zare sil, kama bakin karanshaf ka girgiza sama da ƙasa. In yana wasa, boris ne ya ci, shi ya kashe sil ɗin, kuma sabo ma zai kashe. In ba ya wasa, sil kaɗai ne. Zare shi a hankali kada ka karce ƙarfen ko mazauninsa. Sabon ka shafa wa leɓensa mai, ka naɗe zaren karanshaf da 'yar leda kada ya yanke shi, ka tura da soket mai faɗinsa har inda tsohon yake. In injinka mai sil biyu ne, canza duka, shekarunsu ɗaya. Yanzu kuma, tun da gindin silinda yana yoyo, ga damar da Ɗan Gareji yake nema maka, za ka riƙe fistan.

Ɗan Gareji: Yawwa! Wanke wajen injin tas kafin ka buɗe. Sassauta kusoshin gindin kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan kishiyarta. Zare silinda a miƙe, kada ka murɗa, bakin ringi zai iya kama ramukan ciki ya karye. Da ta fita, cusa tsumma mai tsabta a bakin ɗakin ƙasa.

Malamin Fasaha: Ka haska cikin silinda ka bi zanen da farce. Cikinta an shafe shi da siririn ƙarfe mai tauri. Sau da yawa abin da ake gani alminiyum ɗin fistan ne ya manne a kai, wannan yana fita da samfefa mai laushi da ɗan mai, da hannu, a hankali. In kuwa farce yana faɗawa rami, ko shafen ya ɓare, silindar ta gama. Game da fistan, in zanen bai taɓa ramin ringi ba, wasu suna gogewa su sa sabon ringi.

Tsohon Makaniki: Ni in na riga na buɗe, kuma ana samun fistan ɗin, canzawa nake yi. Amma na yarda zane biyu marasa zurfi ba sa hana aiki. In za ka cire shi, abu uku kada ka manta. Kibiyar da ke kan fistan tana kallon ramin hayaƙi. A cikin ramin ringi akwai ɗan fil, bakin ringi biyu a kansa suke haɗuwa, in ba su hau daidai ba silinda ba za ta shiga ba, in ka tilasta ringi ya karye. 'Yan wayoyin da ke riƙe fil ɗin fistan kuma sababbi ake sawa, buɗaɗɗen bakinsu ya kalli sama ko ƙasa, kuma ka tabbata sun zauna cikin raminsu. Ɗaya ta fita inji yana gudu, fistan da silinda duk sun tafi.

Mai Lambu: Farce bai kama komai ba a silinda. Zan sa sabon ringi da gaskit. Akwai abin da zan kula da shi wurin haɗawa?

Mai Janareto: Shafa man gauraya a fistan da ringi da boris kafin ka rufe. Kankare tsohon gaskit tas ba tare da karce fuskar ba. In ka taɓa koyil, abin da ke ba fulogi wuta, sa katin takarda mai kaurin kamar milimita 0.3 tsakaninsa da maganaɗisun fanka, bari maganaɗisu ya jawo shi, ka ɗaure, ka zare katin. Murfin igiya kuwa in lafiyarsa lau kada ka buɗe cikinsa, sifirin ɗin da ke naɗe a ciki yana iya faskarowa ya sami ido.

Tsohon Makaniki: Kafin ka mayar da fanka da kuloci, sake hura iskar nan ka ga allura ta tsaya cak. Sannan saiti. Tun da an toshe ɓulin, yadda sukurorin kafireto suke a da ba lallai ya dace ba. Mai alamar L na ƙaramin gudu ne, mai H na babban gudu, na ukun na silo. Ka yi saitin da matatar iska a jiki, zaren yanka a cikakken tsawonsa, injin ya yi ɗumi. Silo ya zauna inda kan zaren ba ya juyawa. H kuma kada ka matse shi don jin ƙara mai kaifi, wannan ƙarar ta yunwar fetur ce. Bar shi inda in ka buɗe totur babu ciyawa yake ɗan gurnani, in ya shiga ciyawa sautin ya washe. Tankin farko ka yi aiki mara nauyi, in ya huce ka sake bin kusoshin silinda da na salansa, sannan ka cire fulogi ka turo mana hoton bakinsa. Ruwan ƙasa nake so in gani, in ya yi fari a ƙara buɗe H kaɗan.

Mai Lambu: To Baba, in sha Allahu. Sil da gaskit nake jira, suna zuwa zan haɗa in turo hoton.